Adon Goge Bai Kamata Ya Hana Shi Magana Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san makaɗa da sunayensu, amma da wuya a sami mai iya faɗin wanda ya haɗa musu kayan kiɗan. Mun san Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangan da ke raka muryarsa, mun san Haruna Uji da gurminsa, mun kuma san Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa na gwangwanin kifi mai tsirkiya ɗaya. Masu fafe ƙwarya da jiƙa fata da ɗaura izga kuwa ba a cika waiwayarsu ba. Shi ya sa nake son in yi magana a kan wani matashi da ke aiki a wani zaure a cikin birnin Kano, kusa da Kasuwar Kurmi, wanda sana'arsa ita ce haɗa goge da kukuma da gurmi, ya kuma ƙawata su da hannunsa.

Aikin nasa daga zaɓen ƙwarya yake farawa. Yakan ɗaga ta ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne, domin wadda ba ta ƙosa ba kafin a cire ta daga gona takan yi amo maras daɗi, kuma ba ta jure ɗaurin fata. Idan ta yi masa, sai ya kankare cikinta tas, ya huda inda sanda za ta ratsa, sannan ya ɗauko fatar guza da ya jiƙa har ta yi laushi. Yana shimfiɗa ta a bakin ƙwaryar tun tana da danshi, yana ja yana kafewa a hankali, gefe bayan gefe, saboda idan ta bushe ita da kanta za ta ƙara ɗamewa. Daga nan sai ya yanke ƙaramar kafa a jikin fatar inda sauti zai fita, ya ɗora jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa a kai, ya ɗaura izgar doki, ya goga mata ƙaro. Na ga yadda yake matsar da jakin nan kaɗan kaɗan, yana gogawa yana saurare, har sai da kukan gogen ya fito fes.

A wajen ado ne na fi ganin basirarsa. Yana da ƙananan wuƙaƙe da yake sakawa cikin garwashi, idan sun yi ja sai ya bi bayan ƙwaryar da su yana zana dagi da sarƙa da ƙananan murabba'ai, hayaƙi mai ƙauri yana tashi a ƙarƙashin hannunsa. Sandar kuma yakan naɗe ta da jar fata wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, irin wadda dukawan Kano suka yi suna da ita, ya rataya tuntaye a ƙarshenta. Sai dai yana da ƙa'idojin da ba ya ƙetarewa. Ba ya barin wuƙa ta nutse sosai, don zane mai zurfi yana raunana ƙwarya har ta tsage a lokacin hunturu. Ba ya shafa fentin mai a kan fata ko da mai saye ya nema, domin fenti yana ƙara mata nauyi ya daƙushe amonta. Farin wuri na ado ma sai ya ɗinke shi ƙam, kada ya riƙa kaɗawa yana shiga cikin kiɗa.

Wannan tsayin daka yana jawo masa asara, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin girmansa. Yawancin masu saye a yau ba makaɗa ba ne. Baƙi ne da ke neman tsaraba, da masu son abin ratayawa a falo ko ofis, kuma a wurinsu sheƙi ya fi sauti muhimmanci. Akwai masu yi musu irin wannan kaya cikin gaggawa, da siririyar ƙwarya da zaren roba, su sayar da araha. Shi kuwa ya shaida mini cewa ko gogen da ya san bango zai ƙare a kai sai ya gwada shi kamar wanda za a kai dandali, tun da bai san ranar da wani yaro a gidan zai sauko da shi ya goga ba. Ina ganin gaskiyarsa, domin yaron da ya fara taɓa gogen da ba ya kuka zai ɗauka haka goge yake.

Ga mai niyyar saye, shawarata ita ce ya nemi a goga masa kafin ya biya, ya duba ko fatar ta ɗame ko'ina, ya kuma tambayi irin izgar da aka ɗaura. Idan ya kai gida kada ya jingina shi da bango mai danshi a lokacin damina, kuma idan fatar ta saki, ya ɗan shanya shi a hantsi kafin ya taɓa jaki.