Sylvia Earle, matar da ta mayar da surutun jarida makamin kare teku

Akwai wata baiwar Allah 'yar Amurka sunanta Sylvia Earle, an haife ta a 1935 a jihar New Jersey, ta kwashe sama da awa 7,000 na rayuwarta a ƙarƙashin ruwa. Awa dubu bakwai fa, ku lissafa ku gani, kusan wata goma kenan mutum yana can ƙasa. Amma ni ba nutson ba ne ya fi ɗaukar hankalina a labarinta, yadda ta iya sarrafa 'yan jarida da kyamara ne, domin malaman kimiyya da yawa sun san abin da ta sani, wasu ma sun fi ta, amma iliminsu ya tsaya a mujallun da daga su sai ɗalibansu ke karantawa.

Asali ma ba kifi ta karanta ba. Gansakuka da ciyayin ruwa ta karanta, a kansu ta yi digirin dakta a jami'ar Duke a 1966, bayan ta tara samfur sama da 20,000 daga Tekun Meziko, wanda tun tana 'yar shekara 12 da iyayenta suka koma Fulorida take wasa a bakinsa. Wato dai irin karatun nan da in ka faɗa a gidan biki kowa zai ce to madalla ya juya ya ci gaba da hirarsa. A 1964 ta shiga wani jirgin bincike zuwa Tekun Indiya, ita kaɗai ce mace cikin maza 70, kuma abin da jaridu suka ɗauka kenan, ba wanda ya tambaye ta me ta gano.

Abin ya fi fitowa fili a 1970. Gwamnatin Amurka na da wani shiri mai suna Tektite, an gina ɗan gida a ƙasan teku kusa da tsibiran Virgin, zurfin kamar mita 15, masana su shiga su zauna kwana da kwanaki suna fita suna bincike suna komawa ciki su kwana. Masu shirin suka ƙi yarda a haɗa maza da mata a gida ɗaya, sai aka ware tawagar mata zalla su biyar aka ba ta shugabanci. Sati biyu suka yi a can. Da suka fito sai ga gari ya ɗauka, aka yi musu jerin gwano a Chicago, aka gayyace su fadar White House, jaridu kuma suna ta laƙaba musu sunaye irin na zolaya kamar wasu 'yan matan talla, alhali mazan da suka yi aiki iri ɗaya ba wanda ya kula su haka. Wata da ta yi zuciya ta koma ɗakin gwaje-gwajenta ta rufo ƙofa. Ita kuwa sai ta lura cewa to tunda dai an miƙo mata makirfo, ko don me aka miƙo, sai ta faɗi abin da ke ranta, daga nan ta shiga yawon lacca da rubutu a mujallar National Geographic da fitowa a talabijin, har yau ba ta daina ba.

A 1979 ta yi abin da ya ƙara mata suna. Kusa da tsibirin Oahu a Hawaii ta sa wata rigar ƙarfe mai nauyin gaske da ake kira JIM, aka ɗaure ta a gaban ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa aka sauka da ita mita 381, ta sauka ta yi tafiya da ƙafarta a ƙasan teku sama da awa biyu, ba igiyar da ta haɗa ta da sama. Wajen duhu ne ƙirin, hasken rana da ƙyar yake kaiwa, halittun wurin wasu da kansu suke ba da haske in an taɓa su. Kuma an ɗauki hoton abin, an yi shiri da shi, nan ma dai kyamarar ce.

Ta ɗan taɓa aikin gwamnati, daga 1990 zuwa 1992 ita ce babbar masaniyar kimiyya ta hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi, mace ta farko a kujerar, a lokacin ne ma ta je ta ga ɓarnar man da ya malala a Tekun Fasha a yaƙin 1991. Ba ta daɗe ba ta ajiye. Ni a ganina mai baki irin nata kujerar gwamnati takura ce kawai.

Labarin da na fi so shi ne na Google Earth, manhajar nan mai nuna taswirar duniya a kwamfuta. Ta haɗu da ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro manhajar ta ce masa a gaban jama'a aikinku ya yi kyau amma ai tudu kawai kuka yi, ina ruwan, alhali ruwa ne ya rufe kusan kashi 70 cikin ɗari na duniya? Maganar ta shige su, a 2009 suka fito da sabon salo da mutum zai iya leƙa ƙasan teku daga kwamfutarsa. A shekarar ce kuma ta ci kyautar TED, wata ƙungiya mai shirya laccoci, ta kafa ƙungiyar Mission Blue mai fafutukar a killace wasu wurare a teku da suke kira Hope Spots, a hana kamun kifi na ƙeta da haƙar mai a cikinsu, yanzu sun haura 100. A 2014 Netflix suka saki fim a kan rayuwarta mai wannan sunan na ƙungiyar.

To mu da ko bakin teku yawancinmu ba mu taɓa gani ba me ya shafe mu? Daminar da muke jira duk shekara iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika ce ke kawo ta, kuma kusan rabin iskar oksijin ta duniya ƙananan tsirran teku ne ke samar da ita, dangin dai waɗancan da ta fara karatu a kansu.

Inda nake ɗan ja da ita shi ne maganar cin kifi. Ita ta daina ci tuntuni kuma tana kira ga mutane su bari. Ga wanda ke Kalifoniya da zaɓin abinci iri goma a gabansa wannan magana ce mai kyau, amma ka je ka gaya wa uwar gida da yankan kifin ƙanƙara biyu ne kaɗai naman da zai shiga miyarta a sati, ai sai ta yi maka kallon mahaukaci. Matsalar yankinmu ta manyan jirage ce da masana'antun da ke gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, suna kwashe ƙananan kifayen da talaka ke ci suna niƙawa su zama gari a fitar waje a ciyar da kifin gona da dabbobi. Wannan labarin yana buƙatar nasa mai ɗaukar kyamarar, kuma zai fi kyau ya kasance ɗan gaɓar ne da ya tashi yana ganin kwale-kwalen babansa na dawowa ba komai. Sylvia ta cika shekara 90 a 2025, a 2022 ƙasashen duniya sun yi alƙawari a Montreal za su killace kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030, abin da aka killace zuwa 2024 ko kashi 10 bai cika ba.