Ƙyanda ba ta zuwa ranar da aka fasa allura

A karatun kiwon lafiyar al'umma, da ƙyanda ake fara koya wa ɗalibi lissafin annoba, domin da wuya a sami cutar da ta kai ta saurin yaɗuwa. Mutum ɗaya mai ɗauke da ita, in ya shiga cikin jama'ar da ba ta da kariya, yana iya harbin mutum 12 zuwa 18. Ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita, kuma yana raba ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su feso masa, lokacin da kowa ke cewa mura ce. Daga nan aka samo adadin da ake sa mu haddacewa: sai kashi 95 cikin 100 na yara sun sami allura sau biyu kafin cutar ta rasa hanyar wucewa. Wasu cututtukan suna ɗaga ƙafa in an bar ɗan giɓi, ita kam ba ta yi. Shi ya sa idan tsarin rigakafin wata ƙasa ya fara sukurkucewa, ƙyanda ce ke fara tona masa asiri.

Aikin da aka ba ni shi ne in bi diddigin ɓarkewar cutar a wuraren da allura ke akwai, asibiti na kusa, amma iyaye suka ja baya. Ɗalibai da yawa in sun zo gurbin dalili sai su rubuta "jahilci" ko "jita-jita" su wuce. Ni abin da ya tsaya mini a rai da na jera wuraren shi ne tazara. Kusan ko'ina akwai ranar da wani abu ya faru wanda ya girgiza yardar iyaye, sannan sai a yi shiru na wata da watanni, wani lokaci shekaru, kafin cutar ta iso. A cikin wannan shirun babu yaron da ya kwanta, don haka wanda ya hana ɗansa allura gani yake ya yi daidai, maƙwabcinsa ma ya kwaikwaye shi.

Biritaniya ce misalin da ya fi fito da wannan. A watan Fabrairun 1998 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga binciken wani likita mai suna Andrew Wakefield da abokan aikinsa, a kan yara 12 kacal. A gaban 'yan jarida ya jefa shakku a kan allurar MMR, wadda ta haɗa rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, ya alaƙanta ta da otizim, lalurar da ke taɓa maganar yaro da cuɗanyarsa da mutane. Daga baya ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin maka kamfanonin allura a kotu, kuma bayanan yaran da aka buga ba su yi daidai da abin da ke cikin takardunsu na asibiti ba. A 2010 mujallar ta janye binciken, hukumar likitoci ta cire sunansa daga rajista. Sai dai shekara goma sha biyu ba kwana biyu ba ce. Yawan yaran Ingila da ake yi wa allurar ya faɗo daga wajen kashi 92 zuwa kashi 80 a 2003. Da aka tambayi Firayim Minista Tony Blair a 2001 ko an yi wa ƙaramin ɗansa, ya ƙi amsawa, ya ce sha'anin iyalinsa ne. Yana da haƙƙin faɗin haka, amma iyaye sun fassara shirunsa yadda suka ga dama. Sai a 2013 aka ga cikakken sakamako a yankin Swansea, inda mutum sama da dubu suka kamu, kuma da yawansu 'yan shekara goma zuwa sha takwas ne, wato jariran da aka tsallake lokacin da ruɗanin ke kan ganiyarsa.

Me ya sa maganar ta kama zukata haka? A yawancin ƙasashen da ake amfani da MMR, ana yin ta farko ne yaro yana da wata 12 zuwa 15, kuma alamun otizim sukan fara bayyana ga iyaye a daidai wannan tsakanin ko jim kaɗan bayansa. Uwa ta ga an yi wa ɗanta allura, bayan 'yan watanni ya daina kallon idonta, ya daina kiran sunan da ya fara koya. Ba ƙarya take yi ba in ta ce bayan allura abin ya fara. Abin da ba za ta iya gani daga cikin gidanta ba shi ne dubban yaran da ba a yi musu ba kuma suka sami lalurar a daidai wannan shekarun. Wannan aikin masu bincike ne, kuma sun yi shi. A Danmak an bi yara fiye da 650,000, aka buga sakamakon a 2019, ba a ga wani bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Japan ta daina MMR a 1993, kuma a birnin Yokohama adadin masu otizim ya ci gaba da hauhawa bayan an daina. A kan wannan tambaya ba ni da ja: an rufe ta.

Ƙasar Samowa, wasu tsibirai a tekun Fasifik, ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin a can tsoron yana da tushe na gaskiya. Allurar ƙyanda gari ce busasshiya a cikin 'yar kwalba, sai an zuba mata ruwanta na musamman kafin a zuƙa a sirinji. A watan Yulin 2018, a wani asibiti a tsibirin Savai'i, ma'aikatan jinya biyu suka haɗa garin da maganin sakin tsoka wanda wa'adinsa ya wuce, maimakon ruwan. Jarirai biyu suka rasu cikin mintuna. An gurfanar da ma'aikatan, aka ɗaure su, amma gwamnati ta dakatar da shirin allurar na tsawon watanni, kuma bayanin cewa kuskuren hannu ne, ba laifin allurar ba, bai isa kunnen jama'a da wuri ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Yawan jariran da aka yi wa allura ya faɗo zuwa kusan kashi 31. Masu adawa da rigakafi daga waje suka sami kasuwa, kuma a watan Yunin 2019 Robert F. Kennedy Jr., wani Ba'amurke da ya yi suna wajen sukar rigakafi, ya ziyarci ƙasar ya gana da wasunsu, ko da yake har yau yana musanta cewa yana da hannu a abin da ya biyo baya. Kafin ƙarshen shekarar ƙyanda ta shigo. A ƙasa mai mutum wajen dubu ɗari biyu, fiye da 5,700 suka kamu, 83 suka mutu, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A farkon Disamba gwamnati ta rufe ƙasar na kwana biyu, ta ce duk gidan da ke da wanda ba a yi wa allura ba ya rataya jan ƙyalle a ƙofa don ma'aikata su gani su tsaya. Iyayen da suka guje wa allura bara su ne suka rataya ƙyallen da hannunsu.

A Filifin ma haka, sai dai can allurar wata cuta ce daban ta jawo. An yi wa 'yan makaranta sama da 800,000 allurar zazzaɓin dengi mai suna Dengvaxia, sai a ƙarshen 2017 kamfanin Sanofi ya sanar cewa tana iya ƙara haɗari ga wanda bai taɓa kamuwa da dengi ba. Nan take 'yan siyasa suka mai da abin makamin dukan gwamnatin da ta gabata, da zaman bincike a majalisa da tuhume-tuhume a talabijin. Iyaye ba su tsaya bambance wannan allura da waccan ba. A 2019 ƙyanda ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar.

Nan ne siyasa take yin ɓarnar da ta fi ta jita-jita. Shakkar uwa ɗaya abu ne mai motsi, yau tana tsoro, gobe ta ji bayani ta sauya. Amma da zarar ƙin allura ko son ta ya zama alamar jam'iyyar da mutum yake, sauya ra'ayi ya koma cin amanar 'yan uwansa na tafiya. Amurka ta ayyana kawar da ƙyanda a 2000. A farkon 2025 cutar ta ɓarke a gundumar Gaines da ke yammacin Teksas, a cikin al'ummar Kiristoci 'yan Menonayit waɗanda allura ba ta yawaita a cikinsu ba, mutum fiye da 700 suka kamu a jihar, 'yan mata biyu ƙanana suka rasu. A daidai lokacin Kennedy ya zama sakataren lafiya na ƙasar. Bakinsa biyu ya riƙa yi: ya ce MMR ce hanya mafi inganci ta hana yaɗuwar cutar, ya kuma riƙa tallata sinadarin bitamin A da man hantar kifi. Bitamin A yana da amfani na gaske, ana ba yaron da ya riga ya kamu don rage tsanani, amma ba ya hana kamuwa, kuma likitoci a birnin Lubbock na Teksas sun ba da rahoton yaran da aka ɗura musu shi har ya fara taɓa hantarsu. A watan Yuni Kennedy ya sallami dukkan mutum 17 na kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan rigakafi. Adadin masu ƙyanda a Amurka a shekarar ya zarce na kowace shekara tun 1992, kuma a watan Nuwamba Kanada ta rasa matsayinta na ƙasar da ta kawar da cutar.

Ɗaya ɓangaren ma ba wankakke ba ne. Akwai masu goyon bayan allura da suka fi jin daɗin yi wa iyaye ba'a fiye da shawo kansu, kuma akwai jami'an da ke cewa "babu wata illa ko kaɗan" saboda suna tsoron kada gaskiya ta tsorata mutane. Wani bincike da Brendan Nyhan da abokansa suka buga a 2014 ya nuna abin mamaki: da aka ba iyaye hujjojin da ke ƙaryata alaƙar MMR da otizim, sun rage yarda da ƙaryar, amma waɗanda tun asali suka fi ƙyamar allura sai niyyarsu ta yi wa ɗa na gaba ta ƙara raguwa. Dokar tilas kuwa, irin ta Kaliforniya a 2015 da Italiya a 2017 da Jamus a 2020, tana tasiri a kan masu jan ƙafa da masu mantuwa. Masu taurin kai hanyar zillewa suke nema, kamar yadda takardun uzurin likita suka yawaita a Kaliforniya bayan dokar.

Yadda ya kamata a yi, a wurin wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya na gani lokacin da nake sanin makamar aiki a sashen rigakafi. Wata mata ta zo da ɗanta a kafaɗa, ta tsaya nesa da tebur, ta ce, "Sista, ni fa na ji an ce allurar nan tana sa yara jijjiga." Ma'aikaciyar ba ta ce mata ƙarya ne ba. Ta jawo mata kujera ta ce, "Zauna, maman yaro. Gaskiya ne, yakan faru. Bayan mako guda ko kwana goma wasu yaran sukan yi zazzaɓi, wasu su ɗan feso da ƙuraje. A cikin yara dubu uku zuwa huɗu, ɗaya zazzaɓin yakan sa shi jijjiga, kuma yana wucewa. Ita kuwa ƙyanda, a cikin dubun da suka kamu, ɗaya zuwa uku ba sa tashi, ko da asibitin ya kai asibiti." Ta ɗauko kwalbar garin da ta ruwan ta miƙa mata, ta nuna mata suna da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kowace. Ta ƙara mata da abin da mutane da yawa ba su sani ba, cewa ƙyanda tana goge wa jiki wani ɓangare na kariyar da ya tara daga cututtukan baya, shi ya sa yaro ya warke amma ya yi ta laulayi. Matar ta juya kwalaben a hannunta, ta ce sai ta yi shawara da maigidanta, ta tafi ba a yi allurar ba. Ma'aikaciyar ba ta ɓata fuska ba, ta dai rubuta ranar da za a sake zama a katin yaron. Da na nuna damuwa sai ta ce, "Malam, wadda ta zo da tambaya ba ita ke hana ni barci ba. Wadda ba ta iso nan ba ita ce abin ji."

Alƙaluma suna bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙyanda ta kashe mutum 107,500 a 2023, kuma mafi yawansu ba 'ya'yan masu zanga-zangar ƙin allura ba ne. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango mutum fiye da 6,000 suka mutu a annobar 2019, a Madagaska sama da dubu a tsakanin 2018 da 2019, galibi saboda allura ba ta kai ba, ko ta kai babu sanyin ajiye ta, ko rikici ya kori ma'aikata. Waɗannan mace-macen ba sa samun zaman majalisa ko muhawarar talabijin, tunda babu ɗan siyasar da zai ci riba da su.

Wani lokaci ma cikas ɗin ƙarami ne har mutum ya ji kunyar faɗa. A ƙasashe da yawa allurar ƙyanda tana zuwa ne a kwalba mai ɗaukar yara goma, kuma in an haɗa ta da ruwa dole a zubar da abin da ya rage bayan sa'a shida. Ma'aikacin da ake tuhuma kan asarar allura sai ya ƙi buɗe kwalba saboda yaro ɗaya ko biyu, ya ce wa uwa ta dawo ranar da aka taru. Wata ta dawo, wata ba ta da halin dawowa, kuma a rahoton ƙarshen wata duka biyun za a iya lissafa su cikin masu jan ƙafa. Saboda wannan ne wasu ƙasashe suka fara sauyawa zuwa kwalba mai ɗaukar yara biyar, don ma'aikaci ya daina lissafin asara kafin ya buɗe.