Ranar da maus ɗin laftof ya ƙi motsi

Yau Talata da safe aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuma ba ya wani daɗewa, sai na rufe marfin na bar ta ta yi barci. Bayan azahar wuta ta dawo na buɗe, komai na nan yadda na bar shi, amma kibiyar maus ɗin jikinta (wanda ake shafawa da yatsa) ta tsaya cak a tsakiyar allo, na shafa na goga na danna, ko gizau. Ga aikin da zan miƙa gobe wallahi raina ya ɓaci sosai.

Ƙanina na zaune yana kallona ya ce "Yaya, kawai ki kai a yi mata fomat a mayar miki da Windows mana ki huta." Na ce wane Windows? Tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, Windows 11 kuma yana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, tawa tsohuwa ce ba ta da shi. Shi ya sa na sa mata Linux Mint tun farko kuma tana tafiya lafiya lau, ba zan goge komai sbd maus ba.

Na fara aro maus na USB wajen maƙociyarmu, ina sawa ya kama nan take, to ashe tsarin ƙalau yake, na jikin laftof ɗin ne ya sume. Na gwada maɓallin Fn da ake kashe shi da shi, shiru. Sai na danna Ctrl+Alt+T na buɗe Terminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta xinput list, sunan maus ɗin ya fito a jerin na'urorin, na duba bayanansa da xinput list-props yana nuna a kunne yake. Wato kwamfutar ta san da zamansa, magana ce kawai ba ta shiga tsakaninsu.

Abin da nake so da Linux kenan, in ka tambaye shi zai faɗa maka abin da ke damunsa, babu ɓoye-ɓoye. Na rubuta sudo dmesg, mai nuna saƙonnin tsarin, na nemi layukan da ke da psmouse, sai ga su a jere suna cewa bayanan da ke zuwa daga maus ɗin sun rikice tun lokacin da ta farka. Psmouse shi ne direban da ke kula da maus masu bin hanyar PS/2, wadda IBM ta fito da ita tun 1987, kuma har yanzu tsofaffin laftof da yawa ta wannan hanyar ake haɗa maus ɗinsu daga ciki ko da babu ramin a waje. Sababbi sun fi bin wata hanyar mai suna I2C, su direbansu daban ne, dan haka wanda tasa sabuwa ce wannan maganin ba lallai ya yi masa ba.

Na rubuta sudo modprobe -r psmouse na sauke direban, sannan sudo modprobe psmouse na sake ɗora shi, ina ɗora yatsa kibiya ta motsa, Alhamdulillah! Ƙanina ya matso yana cewa "Yaya sake yi in gani", ya ɗauki hoton allon da wayarsa wai zai nuna wa abokinsa mai gyara.

Amma da na sake rufe marfin na buɗe sai ya koma gidan jiya, dan haka da daddare na buɗe /etc/default/grub, fayil ɗin saitin tashin kwamfuta, na ƙara i8042.reset, mai sa a sake saita hanyar PS/2 ɗin, a layin da aka rubuta quiet splash, na yi sudo update-grub na kashe na kunna. Na sa ta barci na tashe ta, maus yana aiki. Na mayar wa maƙociyata nata da godiya, aikin gobe kuma saura shafin ƙarshe, sai bayan asuba in Allah ya kai mu.