Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Albashinmu Ya Koma Sakatariya

A makon jiya na tsaya inda aka mai da ni wata makarantar ƙauye mai aji shida da malamai huɗu. A can 1991 ta riske ni.

Kafin nan mun ɗan sarara. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, NPEC, ta riƙa kula da albashinmu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma wata na ƙarewa ka san za ka taɓa naka. Kwatsam a 1991 aka rushe ta, aka ce kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin malamanta.

Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin masu murna. Na sha faɗa a gindin darbejiyar makaranta cewa wanda ke zaune a Legas bai san iska ta yaye rufin aji uku ba, ciyaman kuwa ɗan gida ne, da ƙanensa muka yi makarantar allo.

Sai da muka yi wata uku ko sisi. Na hau keke zuwa sakatariya sau biyar, kullum amsar ɗaya ce: "Malam, kason wannan wata bai kai ba, a ƙara haƙuri." Mai kantin unguwarmu ya ware mini shafi guda a littafinsa, tiyar gero, sabulu, kananzir, har rubutu ya gangara bayan takardar. Ranar da uwargida ta sayar da akuyarta, ta miƙo mini kuɗin tana murmushi, ta ce, "Malam, ɗan gidan naku bai biya ba har yau?" Ban ce uffan ba. Malamai biyu suka koma gona, wani yaro ɗan aji shida ya riƙe 'yan aji ɗaya da bulala da waƙa.

An dawo da hukumar NPEC a 1993.

Shi ya sa ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, autana ya shigo da gudu, "Baba, an 'yanta ƙananan hukumomi!" Na ce masa madalla, gyaran aji da allo a ba su, sun fi kowa sanin inda ke yoyo. Albashin malamai fa, a hannun wa za a bar shi?

Mako mai zuwa zan ba ku labarin yajin aikin da ya kusa raba ni da hedimastanmu.