Milimita tara da suka jingine mini keke wata uku

Makonni shida na shafe ina auna firam biyu na keken hawan dutse, irin mai shokozoba gaba da baya, kuma har yau idan na tuna abubuwan da na ɓata lokacina a kansu sai haushin kaina ya kama ni. Dukansu na kabon ne, dukansu na ƙafa mai inci 29, kuɗinsu kuma kusan ɗaya. Ɗaya baƙi ne, bayansa yana nitsewa milimita 140, ɗayan kore, nasa yana kaiwa 150. Yayana da ke zaune a Hamburg ya amince zai saya ya taho mini da shi in ya zo hutun ƙarshen shekara. Ni kuma na yanke shawarar sayen firam ɗin tsura, domin in kwashe kayan tsohon kekena, wato ƙafafu da birki da giya da kiranki (ƙarfen da feda ke ɗaure a jikinsa), in mayar a kansa. Da wannan lissafin ne kuɗina suka isa, kuma shi ne ya kayar da ni.

Kullum bayan sallar isha'i ina zaune a ƙofar gidanmu a unguwar Nima da ke Accra, da waya a hannu, ina kwatanta kwanciyar wuyan wannan da na wancan, alhali bambancin rabin digiri ne kacal. Na damu da giram ɗari biyu na nauyi, ni da ba na fita sai da gorar ruwa biyu. Na yi ta tambayar kaina wanne ne ba zai riƙa lilo yana cinye mini ƙarfi ba a hawan da ya tashi daga Ayi Mensah ya bi ta Peduase zuwa Aburi. Daga ƙarshe na zaɓi koren, saboda hanyoyin gonakin da muke gangarowa ta cikinsu a bayan Aburi duwatsu ne da zaizayar ruwa, na ga ƙarin milimita goman nan zai yi mini rana. A duk tsawon makonnin nan ban taɓa sauke idona zuwa ƙasan shafin bayanai ba, inda aka rubuta faɗin mazaunin ƙafar baya.

Firam ya iso a Disamba, na kai shi wurin dattijon da ke gyara mini keke tun ina makaranta. Ya ɗauki ƙafata ta baya ya saka, sai ga ta tana wasa a tsakanin ƙarafan biyu. Ya cire, ya sake sakawa, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ƙafar ba ta gidan nan ba ce." Na ce, "Baba, ai duk inci 29 ne." Bai amsa mini ba, sai ya miƙo mini abin awo. Hob ɗina, wato cibiyar ƙafar, faɗinsa milimita 148 ne, ma'aunin da ake kira Boost, wanda yawancin kekunan dutse na zamani ke amfani da shi. Firam ɗin kuwa an gina shi a kan 157, wato Super Boost, wanda kamfanoni ƙalilan ne suka rungume shi. Baƙin da na ƙi 148 ne, da ƙafata ta shige shi ba gardama.

Na ɗauka milimita tara abu ne da za a cike da wasa, ashe jan zare ne. Idan hob ya faɗaɗa, haƙoran giyar baya suna matsawa waje, don haka dole farantin sarƙa na gaba ma ya matsa domin sarƙa ta miƙe, kiranki na kuwa ba a yi shi don haka ba. Faifan birki shi ma ba ya zama daidai da mazauninsa. Akwai zobban cike gurbi da ake sayarwa, amma sai an ɗaga faifan birkin an kuma sake daidaita wili, kuma zuciyata ba ta kwanta da in gangaro dutse a kan ƙafar da aka yi wa ciko ba. Sannan ga matsala ta biyu: mazaunin boris ɗin feda a baƙin firam mai ɗauri ne, irin wanda ake murzawa da sifana, na koren kuwa dannawa ake yi da na'ura ta musamman. Da Baba ya ɗauko katako da guduma zai buga, sai da na riƙe masa hannu, domin kabon ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi.

Na zagaya duk inda ake sayar da kekunan da aka yi amfani da su a Turai, ban samu hob mai 157 ko ɗaya ba. Na kira Yaya, wanda ya riga ya koma, ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Wato duk karatun da ka yi, ƙafar ce ba ka auna ba?" Sai da na jira wani abokinsa da zai zo a Maris ya kawo hob da kiranki da na'urar dannawar, aka kuma sake ɗinka ƙafar da sababbin sifoki. Abin da na ƙara kashewa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin firam ɗin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin rani, sa'ad da hanyoyin suke bushe, ya wuce firam yana rataye a bango, abokan hawana suna aiko mini da hotuna kowace Asabar.

Ba zan zalunci keken ba, yana tafiya yadda na yi fata, kuma a gangara ya fi tsohon nawa nesa ba kusa ba. Sai dai ban yi imani zan iya bambance shi da baƙin ba idan aka rufe mini ido, domin a wannan matakin na tsada duk sun ƙware. Shi ya sa wanda ya tambaye ni yanzu, ba na bari ya fara da digiri ko giram. Ina ce masa ya rubuta faɗin hob ɗinsa, da irin mazaunin boris ɗin feda, da kaurin bututun sirdi, da tsawon shokozoba, sannan ya nemi lambobin boris ɗin da ke gaɓoɓin firam. Jar ƙurarmu da laka suna cinye su da wuri, kuma idan lamba ce gama-gari kamar 6902 za a iya dacewa da ita a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran motoci ta Accra, idan kuwa ta kamfani ce kaɗai, sai jiran matafiyi.

Tsohuwar ƙafar tana nan a shagon Baba, lafiyarta ƙalau. Na ba shi izinin sayarwa tun watan Afrilu, har yanzu ba a yi mini tayin da ya kai rabin kuɗinta ba.