Laraba: wai magani nake so ko takarda

Sanyin yau ya fi na jiya. Da asuba sai da na dafa ruwa kafin kowa a gidan nan ya yarda ya yi alwala. An kawo wuta wajen ƙarfe bakwai, na samu na goge kayan makarantar yara da rigar Abbansu. Ƙosan bakin layi ya yi daɗi, kunun gyaɗa ma ya yi kauri yadda nake so. Raina fes na fara ranar.

Da suka fita sai na zauna kan maganar Auta, ƙanina.

Tun watan jiya da wani likita ya ambata mana maganin nan na motsa ido da ake kira EMDR nake cigiyar wanda ya iya shi. Auta yana ɗan shekara 15 bam ya tashi a kasuwar Taminus da ke nan Jos, ranar 20 ga Mayu 2014. Yana shagon Kawu bam na farko ya tashi, yana cikin masu gudu zuwa taimako na biyu ya biyo baya. Sama da mutum 100 suka rasu. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, muka yi ta hamdala. Amma har yau in taya ta fashe a titin Bauchi sai ka ga ya durƙusa, gumi na keto masa. Mai keke in zai bi ta Taminus, sauka yake yi. Barcinsa rabi da rabi ne. Ga shi an fara maganar aurensa, shi ya sa abin ya ƙara tsaya min.

Maganin kansa ba ni da shakka a kansa, na karanta daidai gwargwado. Wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, ita ta fara lura da abin a 1987, ta fitar da bincikenta na farko a 1989. Mutum zai riƙe hoton abin da ya firgita shi a ransa, mai magani yana kai yatsunsa dama da hagu yana bin su da ido, a tsaya, a tambaye shi me ya taso, a sake. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da ta yarda da su wajen jinyar firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Masana har yanzu suna muhawara ko motsa idon ne ke aikin ko sauran abin da ake yi a zaman, amma ni wannan bai dame ni ba. Wanda zai yi masa shi ne damuwata.

Lamba biyu gare ni. Ta farko ta wani mutum ce da ke talla a Instagram, ƙawar matar Yaya ce ta turo. Ya ɗauka da fara'a, ya iya gaisuwa, har da tambayar sanyi. Ya ce zama uku kawai, naira dubu 10 kowanne, in na biya gaba ɗaya zai rage min, kuma Auta zai manta da komai. Wannan kalma ta mantawa ita ta fara sa jikina ya yi sanyi, don duk abin da na karanta cewa yake yi mutum yana tunawa, zafin tunanin ne ke raguwa.

Na ce, "Malam, don Allah a ina ka yi karatun wannan aikin?"

Ya ce ya yi kwas ta intanet, yana da satifiket. Na ce kwas na tsawon wane lokaci, kuma wa ya bayar? Kafin nan me ya karanta? Sai muryarsa ta sauya. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, magani kike so ko takarda?"

Wallahi maganar nan ta bi ni wuni guda. Ina yankan kabeji tana raina, ina sallar azahar sai da na yi ta kore ta. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ya mai da ni mai laifi, kamar na zage shi. Ƙanina zan kawo masa, ya sa shi ya koma cikin hayaƙin ranar nan da gangan, ya sake ganin abin da ya gani. In yaron ya ruɗe a tsakiyar zaman, numfashi ya sarƙe, wa zai dawo da shi? Wanda zai buɗe ƙurji dole ya san yadda ake wanke shi a ɗaure, in ba haka ba gara a bar shi a rufe. Na ce masa duka biyun nake so, na gode, na kashe wayata. Hannuna har rawa yake yi.

Lamba ta biyu ta wata mata ce a Abuja. Ban same ta ba sai bayan la'asar. Na ce, "Likita, barka da yamma," ta ce, "Hajiya, ni ba likita ba ce, Malama ma ya isa." Ta bayyana min cewa likitan ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya yi karatun likitanci, hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, ta yi masa rajista, shi ke da ikon rubuta magani. Ita kuma digirinta na biyu a fannin jinyar halayyar ɗan Adam ne, ta yi aikin koyo a asibiti, ba ta rubuta ƙwaya. Ta faɗi jami'ar da ta yi da shekarar da ta gama tun ban tambaya ba.

Da na yi mata tambayar da ta fusata wancan, sai ta ce ai haƙƙina ne. Ta ce horon EMDR ba ya mai da mutum mai jinya, ƙari ne a kan wanda ya riga ya zama. Bisa tsarin EMDRIA, ƙungiyar masu wannan aiki da ke Amurka, ba a karɓar mutum horon farko sai yana fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Horon kuma awa 50 ne: 20 na darasi, 20 na gwaji a gaban malami, 10 na kai aikinka wajen wanda ya fi ka ya duba. Sama da wannan akwai matakin shaidar ƙwarewa, wanda sai mutum ya shekara biyu a aiki, ya yi zama 50 da aƙalla mutum 25, ya ƙara awa 20 a ƙarƙashin mai duba aiki, kuma duk shekara biyu ake sabuntawa. Ta ce ita horon farko ta kammala, ba ta kai mataki na biyun ba, kuma za ta turo min hoton takardun in duba sunan wanda ya horar da ita. Jin ta faɗi iyakarta da bakinta ya sa na yarda da ita fiye da in ta cika baki.

Ta kuma ce aikin mataki takwas ne, motsa idon sai a na huɗu. Kafin nan sai ta ji tarihinsa, ta koya masa yadda zai kwantar da kansa in abin ya taso, su zaɓi hoton da za a fara da shi, ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10. Duk wanda ya fara kaɗa yatsa a ranar farko, in ji ta, ya tsallake abin da ke kare majinyaci.

Sai kuɗi. Naira dubu 40 kowane zama, na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ta ce a Ingila hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya tana cewa zama 8 zuwa 12 aka saba, wanda abin ya yi masa yawa kuma yakan wuce haka. Na ɗauki biro a bayan littafin yara: dubu 320 a ƙasa, dubu 480 a sama. Ba a sa kuɗin mota daga Jos zuwa Abuja ba, ba a sa kwana ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne, Auta kuma gyaran waya yake yi. Ta ce za a iya yin wasu zaman ta bidiyo in akwai ɗaki mai sirri da intanet mai ƙarfi. A gidan Inna babu ko ɗaya.

Ban ji haushinta ba, na san karatun nan da dala ake biyansa. Ƙasar na ji wa haushi. Mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa, su ma ana ta rasa su zuwa waje. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da ta 1958 ake aiki. A garin da ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008, ya ga na 2010, gida nawa ne babu mai irin ciwon Auta? Ga mai arha babu ilimi, ga mai ilimi babu kuɗin kai wa gare ta. A wannan tsakanin masu talla ke cin kasuwarsu.

Abu ɗaya ta faɗa da ya ɗan sassauta min. Ta ce kada in ɗauka EMDR ce kaɗai ƙofa. Akwai jinyar tattaunawa mai gyara tunani da ɗabi'a da aka tsara don masu firgici, ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita a wannan shawarar ta 2013. Ta ce mu fara zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke nan Jos, a auna shi sosai, mu tambaya ko akwai mai yin ɗaya daga cikin biyun, don kuɗin asibitin gwamnati bai kai nata ba. Mace ta nuna min hanyar da ba za ta samu ko kwabo ba. Allah Ya saka mata.

Bayan magariba na kira Inna. Ta ce, "Ke dai a ci gaba da addu'a." Na ce, "Inna, ba a daina ba, ba kuma za a daina ba, haɗawa za mu yi." Ta ce to, Allah Ya sa a dace. Yaya kuwa da ya ji dubu 10 da dubu 40 sai ya ce a fara gwada mai arhar mana, in bai yi ba a sake. Na ce, "Yaya, in bai yi ba ai ba inda muka fara za mu koma ba, yaron na iya ƙin yarda da kowa daga nan." Ya yi shiru, ya ce zai duba abin da zai iya kawowa ƙarshen wata.

Tuwon dare ya yi saura. Ƙaramar ta ɓatar da safa ɗaya. Wuta ta tafi tun tara.

Abbansu ya ce duk wannan lissafi muna yi ne ba mu ji ta bakin mai ciwon ba, kuma gaskiyarsa. Gobe in ya rufe shago zan ce ya biyo ta nan mu yi magana mu biyu. In ya yarda, Litinin mu tafi asibitin koyarwar da ke Lamingo da sassafe. Adashina a Fabrairu zai fito, na riga na gaya wa uwar adashi kada a sauya min layi.