Takardar Kili

Laraba ce, ranata. Na isa barga tun rana ba ta ɗaga ba, Kili ya jiyo takuna ya hau haniniya. Na goge masa jiki, na ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya na share. Ɗingishin makon jiya ya tafi sarai. Muka yi kilisa ta kusan minti 40, tafiya da ɗan sassarfa, ban bar shi ya yi sukuwa ba duk da yadda yake ta jan linzami. Na dawo raina fes.

Ina kwance majayi sai na hango Baba, mai dokin, zaune a bakin barga, da takardu a cinyarsa.

"Idan ka gama, zo ka zauna."

Na rataye sirdi na zo. Ya miƙo min ɗaya ya riƙe ɗaya. Ya ce wata 8 ke nan muna raba dokin nan da fatar baki, ya ga lokaci ya yi da za a sa abin a rubuce.

Gabana ya faɗi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne maganar ɗingishin. Ranar Asabar ce, da na sauka Kili ya fara ɗaga ƙafar gaba ta hagu, likita ya zo ya ce dutse ne ya kurje masa tafin kofato. Baba ya biya likita, ni na tsaya ina kallon ƙasa. Ban ce zan biya ba, shi ma bai ce in biya ba.

"Baba, ko wani laifi na yi?"

"Ba ka yi ba, ɗana. Ni ma ban yi ba. Amma ka duba, kwana biyar muna gaisawa kamar baƙi a kan kuɗin da babu wanda ya san na wane ne. Ko bashi tsakanin 'yan'uwa cewa aka yi a rubuta."

Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa.

Shafi biyu ne kacal. Ranakuna suna nan yadda muka saba, Laraba da Asabar da yammacin Lahadi. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ciyawa da na mai gyaran kofato, wanda ke zuwa duk mako 6, a kaina. Allurar rigakafi da maganin tsutsa da duba haƙora na shekara-shekara, na Baba. Idan rauni ya zo ta sakacina ni zan biya, idan tsautsayi ne a ranata mu raba biyu. Akwai layin da ya ce babu mai hawan Kili sai ni, kuma na san inda aka nufa: ranar da na ɗora ɗan Yaya na zagaya da shi ban tambaya ba. Kunya ta kama ni, na wuce wurin da sauri. Sai maganar inshora, idan doki ya ƙwace ya yi wa wani ɓarna ko ya ji masa ciwo.

Inda na fi daɗewa shi ne maganar ciwon ciki. An rubuta cewa idan a ranata Kili ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa ko yana birgima, kuma ban samu Baba a waya ba, in kira likita kai tsaye, kada in jira. Wannan layin ya sauke min wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Doki ba ya amai, abin da ya tsaya masa a ciki ba shi da hanyar dawowa, kuma 'yan sa'o'i kan raba mai sauƙi da mai kisa. Sau nawa na kwanta ina tunanin me zan yi idan hakan ta faru ina ni kaɗai? Amma yanke shawarar tiyata, ko abin da ya fi tiyata, na Baba ne shi kaɗai. Na ce a ƙara lambar likita da ta mutum na biyu da za a nema. Ya ciro biro ya rubuta a gefen takardun biyu, ya ce ashe ina karantawa da hankali. Har dariya muka yi.

Sai na zo sakin layi na ƙarshe.

Kili mallakar Baba ne, kuma kuɗin da nake bayarwa ba ya ba ni wani kaso a cikinsa. Kowannenmu na iya janyewa da sanarwar kwana 30. Idan Baba zai sayar, ni zai fara faɗa wa.

Na sani. Tun ranar farko na sani. Amma sanin abu daban, ganinsa baƙi a kan fari daban. Wata 8 ina cewa "dokinmu", babu wanda ya taɓa gyara min.

"Baba, kana da niyyar sayar da shi ne?"

Bai amsa nan take ba. Ya shafa gwiwarsa.

"Ba yau ba. Amma rabona da hawa ka sani. Ba na so wata rana ka ji a bakin wani."

Shekarar Kili 14. Doki mai samun kulawa yakan kai 25, har 30. Ashe a zuciyata na riga na lissafa mana shekara goma ko fiye, ban shawarci kowa ba.

Na roƙi ya bar ni in tafi da takardar in sake karantawa. Ya ce haka ya kamata, kada in sa hannu sai na gamsu.

Aiki, ban san me na yi ba. Yaya ta kira sau biyu. Wanki yana nan yana jira.

Yanzu dare ya yi, takardar na gabana. Babu layin da zan ce an zalunce ni a ciki, kuma ranar Asabar zan sa hannu in sha Allahu. Abu ɗaya nake so in roƙi Baba ya ƙara: idan ranar ta zo, a bar ni in tsaya wurin. Ina so in faɗa wa mai saye da bakina cewa Kili ba ya son a ɗaure masa majayi lokaci guda, sai a ja kaɗan, a ɗan zaga da shi, sannan a ƙarasa.